Liyari Bakwai na Altine

'Yata Rahila ce ta sa na zauna rubuta wannan babi, ko da yake ba ta sani ba. A Nowel ɗin da ta wuce, wato Kirsimeti, ina kishingiɗe a ƙofar ɗaki na ji tana gaya wa 'ya'yanta cewa da muna da wani aboki Bafillace, Baba Sambo, mai kawo mana nono da man shanu, amma malamansu suka hana shi cin abinci a gidan Kirista, shi ya sa ya ɗauke ƙafa. Na juya fuskata bango kamar mai barci. Wannan magana ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Ni ne na bar ta ta yi ta yawo a gidan nan shekara da shekaru, don ta fi mini sauƙi a kan gaskiya. To yanzu na tsufa, ƙafa ɗaya tana rami, kuma ba na so in tafi in bar wa mutumin kirki laifin da ba nasa ba. Sambo bai taɓa ƙyamar tuwonmu ba. A tsakar gidan nan yake shimfiɗa buzunsa ya yi salla, uwarku Hannatu ce ke zuba masa ruwa a buta.

Kun san ni da aikin wanki a asibitin mishan, amma ba da shi aka haife ni ba. Mahaifina maƙerin fari ne a Tama, mai aikin azurfa, kuma tun kafin in iya ɗaure wando ya koya mini sanin azurfa da kunne. Zai jefa tsaba a kan dutse ya ce in faɗa. Ta gaskiya tana da amo mai tsawo, mai daɗi, wadda aka cuɗa da dalma kuwa sai ta faɗi tim kamar an yar da ɓawon goruba. Da na karɓi bishara na bar gida na bar maƙera, amma kunnen ya biyo ni. Don haka ranar kasuwar Madawa, idan na tashi daga aiki, nakan shimfiɗa ɗan buhu a bakin rumfar wani tela, in ajiye ma'aunina da baƙin dutsena, in sayi tsofaffin tsabar azurfa. Akwai dala-dala na zamanin Faransa, akwai sulallan da ke ƙetarowa daga Najeriya, sai kuma babbansu, liyari, wanda matan Fulani ke liƙa wa kunnen ratayewa su kitse shi a gashi. Gefe ɗaya tsuntsu ne mai kai biyu, gefe ɗaya hoton wata sarauniyar Turawa, tsohuwa mai ƙiba da mayafi. Yawanci maƙera nake sayar wa su narke. A wurina azurfa nauyi ce da amo, shi ke nan. Kuma ina da girman kai a kan haka, ba na ɓoye muku. Na sha korar mutum daga bakin buhuna da baƙar magana don ya yi mini gardama a kan abin da kunnena ya riga ya yanke.

Sambo kuwa tun a maƙerar mahaifina na san shi, lokacin da yakan rako uwarsa gyaran 'yan kunne. Rugarsu tana can bayan Dewule. Da na koma bakin asibiti sai gidana ya zama masaukinsu: duk wanda ciwo ya kama a danginsu, a ɗakin baƙinmu masu jinya ke kwana. Shi yana ce mini Kaɗo, ni ina ce masa Bahillacen da bai san daɗin miya ba. Da Layya yakan aiko mana da cinya guda, da Nowel kuma shi ne farkon mai sa hannu a shinkafar Hannatu, yana ci yana kushe ta.

A shekarar da ruwa ya ƙi, wadda shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, ya kawo matarsa Altine a kan jaki har bakin titi, daga nan mota ta ƙaraso da su. Cikinta ya kumbura, ta rame har sai idanu. Likita ya duba ya ce sai an yi mata aiki, kuma kafin a shiga da ita sai an cire duk wani ƙarfe da ke jikinta. Hannatu ce ta kwance mata kitso a gindin itacen bedin nan na tsakar gida, ta zare liyari bakwai daga gashinta, aka zura su a zare ɗaya. Washegari da aka gama aikin, Sambo ya kira ni bayan ɗaki ya miƙo mini ƙullin tsumma.

"Kaɗo, ga ajiya. Ni tilas in bi abin da yar rage na shanu in yi gusum, can kudu, in ba haka ba babu wadda za ta ga damana. Altine tana hannunku, wanga ma yana hannunka."

"Sai ka ce ka ba ni sarautar ƙasar Adar," na ce masa. "Tahi abinka, ko shekara goma ka yi kana iske su."

Bai ƙirga a gabana ba, ni ma ban ƙirga a gabansa ba. Haka muke.

Da na bar ƙullin nan a ƙasan akwati da yanzu ba na wannan rubutu. Amma mai sana'a ba ya iya ganin kayan sana'arsa a ƙulle ya haƙura. Na kwance, na jefa su ɗaya bayan ɗaya a kan dutse, duka bakwai suka yi kuka mai kyau. Shida irin waɗanda na saba gani ne. Na bakwai ya fi su sirantaka, ya sha hannu har rubutun gefensa ya kusa shafewa, akwai ɗan tsagi a bakinsa kamar an taɓa shi da wuƙa, kuma sarauniyar da ke kansa ba tsohuwa ba ce. Yarinya ce, kanta ba mayafi, wuyanta a miƙe. Ban taɓa ganin irinsa ba. Na ɗora shi a ma'auni na ga bai kai sauran nauyi ba, na ce a raina wannan shi ne mafi arha a cikinsu.

A lokacin akwai wani mutumin Yamai da ke zagayo kasuwanninmu duk bayan wata biyu, da jaka a rataye da gilashin ƙara girma da wani littafi mai hotunan kuɗin duniya. Shi ba ya narkewa, Turawa masu tara tsofaffin kuɗi yake kai wa. Ya taɓa raina ni a gaban mutane, ya ce mu 'yan ƙauye nauyi kawai muka sani, ba mu san tarihi ba. Maganar ta tsaya mini a wuya. Don haka ranar kasuwa na ɗauki zaren Altine na sa a aljihu, ba da niyyar sayarwa ba, Allah ya sani, sai don in nuna masa cewa hannuna ma yana kaiwa ga abin da nasa bai kai ba. Hannatu ta gan ni ina ɗauka.

"Baban Rahila, mi za ka yi da kayan mutane cikin kasuwa?"

"Gani kawai za a yi. Ido na cin azurhwa?"

"Ido ba ya ci, amma shi ka kiran ciki."

Na ce mata ta ji da tukunyarta. Ni haka nake a lokacin, idan ta faɗi gaskiya sai in ɗaga murya.

Mutumin Yamai ya bi shidan da ido bai tsaya ba. Da ya zo kan na bakwai sai ya fito da gilashinsa, ya buɗe littafinsa, ya daɗe yana dubawa. Ya bayyana mini cewa masu hoton tsohuwar an yi ta buga su ba iyaka, shekara ɗaya ce a rubuce a kansu duka ko da jiya aka ƙera su, amma mai hoton yarinyar tun tana da ƙuruciya aka buga shi, kuma ba kasafai ake samunsa a ƙasarmu ba. Ya ce kunnen da aka liƙa masa da tsagin bakinsa sun rage masa daraja, amma duk da haka yana so. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya faɗi kuɗi, na yi dariya. Ya ƙara. Da ya faɗi na uku sai na daina dariya, don ya fi albashina na wata huɗu. Sannan ya zaro wani liyari daga jakarsa, sabo fil, mai kauri, da kunnensa a liƙe, ya ajiye a kan buhuna.

"Ka sa mata wanga. Ya hi nata nauyi, ya hi shi haske. Bahillata mi ta sani da hoto? Ita dai ta ji abu na lilo a kanta."

Ina so ku fahimci yadda na yaudari kaina, don irin wannan yaudara ba ta zuwa da fuskar sata. Na ɗora biyun a ma'auni, nasa ya rinjayi nata. Na jefa shi a dutse, amonsa ya fi. Duk abin da mahaifina ya koya mini ya ce Altine riba ta ci. Bakwai aka ba ni, bakwai zan mayar, har da ƙari. Ban tsaya na tambayi kaina ba, in dai riba ce, me zai hana in jira ta tashi in gaya mata. Kuma kada wani a cikinku ya ce yunwa ce ta sa ni. Shekarar ta yi tsanani, amma albashina bai tsaya ba, ba ku taɓa kwana da yunwa ba. Kwanon rufi nake so. Ɗakin da ɗan'uwanku Dauda ke kwana da iyalinsa yanzu, da kuɗin nan aka rufa shi.

Hannatu ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ta yi. Ranar da aka kawo kwanon ta tsaya ta dube shi, ta dube ni, ta shige ɗaki. Ta ci gaba da kai wa Altine kunu safe da yamma, tana wanke mata zane, tana juya ta a gado, kamar mai biyan wani abu da ba ita ta ci ba.

Bayan wata biyu aka sallami Altine, Sambo ma ya dawo da shanu tara cikin garken da ya fi arba'in. Da hantsi Hannatu ta zaunar da ita a gindin bedi za ta yi mata kitso. Na kawo ƙullin na miƙa, na koma gefe na zauna kusa da Sambo ina ta surutu a kan tsadar dusa. Altine ta kwance zaren tana miƙa wa Hannatu ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko dubansu, da yatsa take jin su. Da ta kai kan sabon sai hannunta ya tsaya. Ta zagaya bakinsa da babban yatsa, ta sake zagayawa, ta juya shi, ta dube shi. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa Hannatu a hankali:

"Yaya, shida sun isa. Kaina bai yi ƙwari ba tukuna."

Ta ƙulle na bakwai a bakin zanenta. Sambo ya dubi hannunta, sannan ya ci gaba da maganar dusa daga inda na tsaya. Da rana suka yi mana godiya mai yawa, suka sa mana albarka, suka tafi. Ni kuwa na yi ajiyar zuciya, na ce a raina ba ta gane ba. Hannatu ta gama wanke hannunta daga man kitso ta zo ta tsaya a kaina.

"Ta gane," in ji ta. "Kai kaɗai na ba ka gane ba."

Layya ta zo ba cinya. Nowel ta zo, Hannatu ta dafa shinkafa ta ware kwanon Sambo ta rufe, har dare ya yi ba wanda ya zo. Kuka yi ta tambaya ina Baba Sambo. Wani dattijon majami'armu ya ce ai zamani ya canja, wa'azi ya yi yawa a rugage, an hana su cuɗanya da mu. Na ji, na gyaɗa kai. Daga nan maganar ta samo asali.

Sai a shekara ta biyu muka san abin da na sayar. Wata 'yar'uwar Altine ta kawo ɗanta asibiti, ba ta sauka gidanmu ba, amma Hannatu ta gan ta a bakin famfo ta ja ta gefe. Ita ce ta gaya mata. Kafin Dije, 'yar da muka sani, Altine ta haifi ɗa namiji, ɗan fari. Lokacin da yake haƙori ta zare liyarin nan daga kanta ta rataya masa a wuya yana tsotsa, Sambo ne ya yi masa tsagi da wuƙa don kada ya ɓace cikin na sauran yara. Ƙyanda ta ɗauke yaron bai cika shekara biyu ba. Kun san Fulani da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya mutu ba ta kuka a ga hawayenta. Altine ba ta taɓa ambatonsa ba, ko ga Hannatu da ta yi wata biyu tana juya ta a gado. Ta cire liyarin daga wuyansa kafin a rufe shi, ta mayar gashinta, a bayan kunnen hagu inda hannunta ke kaiwa. Abin da ya rage mata na yaron ke nan. Kuma ko da ta ga babu shi, ba ta da bakin da za ta tambaya, don tambayarsa ambaton yaron ne.

Ranar da Hannatu ta gaya mini, na fita bayan gari na zauna a kan dutse na yi kuka irin wanda ban yi ba ko da mahaifina ya rasu. Na nemi mutumin Yamai, na ce zan ba shi ninki biyu. Ya ce abin ya daɗe da ƙetare teku, bai ma tuna wanda ya saya ba. Daga ranar ban sake shimfiɗa buhu a kasuwa ba, na ba tela ma'aunin ya yi abin da ya ga dama da shi. Kun ɗauka idona ne ya raunana.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in hau mota in tafi Dewule in durƙusa. Hannatu ta faɗa mini ya fi sau ɗari. Kullum sai in ce bari damana ta wuce, bari in sami hutu, me zan riƙa a hannu in je da shi. Mutumin da ke tsayawa gaban jama'a ranar Lahadi yana karanta Littafi, ya kasa tafiyar rabin yini. Na roƙi gafarar Ubangiji sau da yawa, don shi ba sai na dubi idonsa ba. Haka shekara goma sha tara ta wuce. Da Hannatu ta kwanta ciwonta na ƙarshe, kwana uku kafin ta cika, ta kama hannuna ta ce:

"Iliya, ni ban iya kai ka. Amma in ka bari ka mutu ba ka tahi ba, ban san da wace huska za ka iske ni ba."

A gaban mutane ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar.

Bayan an share makoki na tafi. Mota ta ajiye ni a Dewule, na yi tambaya, wani mai amalanke ya kai ni rugar. Na iske Sambo a inuwar bukka yana tufkar igiya, ya tsufa, gemunsa fari fat. Ya ɗaga kai ya daɗe yana dubana.

"Kaɗo," ya ce. "Ka yi hurhura."

Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, Dije ta kawo nono a ƙwarya, liyari shida suna lilo a gashinta. Da na gan su a kanta na san Altine ba ta da rai. Na gaya masa rasuwar Hannatu, ya yi salati ya sunkuyar da kai, muka yi wa juna gaisuwa. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, tun daga ranar kasuwa har kwanon rufi, ban rage komai ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya tashi ya shiga bukka, ya fito da ɗan ƙullin tsumma ya sa mini a hannu. Na kwance. Liyarin mutumin Yamai ne, yana nan da haskensa, ba a taɓa kitsa shi ba.

"Tac ce a aje maka. Tac ce wataƙila garin aiki ya garwaye da naka, wata rana kana zuwa biɗar abinka."

"Sambo, ta san ba garwayewa ya yi ba."

"Ta sani. Ni ma na sani."

Na tambaye shi, in haka ne me ya sa bai zo ya zage ni ba, ya tara mini mutane, ya kai ni gaban hakimi. Da ya fi mini sauƙi. Ya ce fushi sun yi shi, na wata shida ko shekara, ya wuce. Abin da ya hana su zuwa daban ne.

"In mun zo, dole ka dube mu. Mun san ba ka iyawa. Ba mu so mu shigo gidan mutum mu sa shi sunkuyar da kai gaban ɗiyanai."

Na ce yaushe ta rasu, ya ce shekara shida ke nan. Na ce me ya same ta. Ya ɗauki igiyarsa ya juya ta a hannu, ya ajiye.

"Ciwon nan na ciki ya dawo. Nac ce mu koma asibitinku, tunda can anka yi mata aiki taw warke. Tac ce a'a. In mun tahi ba mu sabka gidanka ba, mutane na tambaya dalili. In mun sabka, kai ka jin kunya. Sai munka yi ta na gargajiya."

"Wata nawa ta yi kwance?"

"Huɗu."

Ya tura mini ƙwaryar nonon da bayan hannunsa ya ce in sha, tafiya ta yi nisa. Na ɗauka da hannu biyu na kai baki, na sauke ban sha ba. Daga rugarsu zuwa ƙofar asibitinmu rabin yini ne, kuma duk watannin nan huɗu ɗakin baƙinmu yana nan ba kowa a ciki, Hannatu tana share shi kowace Asabar.